Malam Tasi'u da Jan Ruwan Unguwarmu

Da an sallame asuba, Malam Tasi'u zai ɗaure jakar sifanu a bayan tsohon babur ɗinsa, ya bi lungunan Yako yana duba inda ƙasa ta jiƙe ba ruwan sama. Shekara ashirin da shida ke nan yana gyaran famfo. Bana gwiwa ta ce ya isa, zai ajiye aiki, ni kuwa akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita.

Bara waccan ruwan famfonmu ya rikice. Yau fari tas, gobe ja-ja, jibi ya koma fari. Gida huɗu muke shan bututu ɗaya daga burtsatsen unguwa, duk abin ya same mu. Wani ya ce tsatsa ce, wani ya ce jar ƙasa, Goggo Yalwa ta ce a dai kira malamai. Aka sauya bututu, bai daina ba. Kaina ya ɗaure, na rasa inda zan kama, sai na kama Uzairu mai kula da tankin burtsatsen. A gaban mai unguwa na ce ƙazanta ce, a karɓe makulli. Uzairu, dattijo mai jikoki, ya sunkuyar da kai, aka ba shi mako guda ya gyara ko ya miƙa makulli.

Malam Tasi'u ya zo, bai kwance komai ba. Tambaya ya yi ta yi: wace rana ruwan ke ja? Muka lissafa, ashe duk ranar kasuwa ne. Ya tari ruwan da kowa ke tsoron taɓawa ya kurɓa.

"Tsatsa ba ta da tsami, Malam Shitu," in ji shi. "Wa ke zoɓo a nan?"

Matata Zulaihat ce. Jajibirin kasuwa takan jiƙa zoɓo a duro, ta bar tiyo a ciki. Gidanmu ne a kan tudu, to in tanki ya ƙare sai bututu ya zuƙe zoɓon ya raba wa maƙwabta. Wallahi har yau ban gane yadda famfo ke shan ruwa da kansa ba, amma da aka cire tiyon magana ta ƙare.

Kai ne, Malam Tasi'u, ka ja ni gefe ka ce, "Bakina ba zai ambaci gidanka ba. Amma mutuncin Uzairu kai ka zubar, kai za ka kwaso." Mai unguwa ka ce masa tanki lafiya lau, matsalar tiyo ce, ba ka faɗi gidan kowa ba. Uzairu ya ci gaba da aikinsa. Ni kunya ta hana ni zuwa, shekara biyu ina sauya hanya.

Na gode, mai rufa asirin maƙwabta. Allah ya ba gwiwarka lafiya. Masu sana'a, ku koyi tambaya kafin ku ɗora wa wani laifi.

Jiya na je gidan Uzairu na faɗa masa komai. Ya ce tun ranar ya sani, jira yake in zo.