Tafkin da Rana Ke Cikawa

Kakata Inna Dije ƙuli-ƙuli take soyawa, shi ya sa wutar murhunta ba ta mutuwa sai bayan isha'i. Nan mu jikoki muke zagaye ta, tana juya kasko tana ba mu tatsuniya. Wanda ya kai hannu kwando kuwa, ya sha matsami. Ni take kira Maigida, kuma na fi kowa bakin tsiya, don na shiga aji huɗu, ina ganin babu abin da ban sani ba.

Ran nan ta ce, "Ta yau ba ta Gizo ba ce. Babana ya ji ta a Makka, lokacin da ya je hajji a ƙafa, daga bakin wani alhaji da ya fito can ƙuryar arewacin duniya."

Ta ce a ƙasar su alhajin akwai duwatsun da ƙanƙara ke kwance a kansu tun kafin kakanni. Ita ta yi ta gangarowa a hankali tana ƙwarzanar ƙasa, har ta haƙa kwari mai zurfi, ruwa ya taru ya zama tafki kore shar. Mutanen garin duk a kan tudu suka yi gidaje, suka bar fili shimfiɗaɗɗe a bakin ruwa. Sai ga wani Bahaushe ya sauka da matarsa da 'ya'ya biyu. Ya ga fili a banza, ya duba gabas, babu hadari ko na magani, ya ce damina da saura, ya kafa bukkarsa. Suka ce, "Baƙo, hau tudu, a nan rana ce ke kawo ruwa." Bai ji ba. Zafi ya tsananta, ƙanƙara ta narke, ruwa ya iso bakin ƙofa, yaran suna ciki, shi yana kasuwa.

Nan na kwashe da dariya. Na ce, "Haba Inna, ranar da ke ƙafar da rijiyarmu? Wannan ƙaryar ai ta fi ta Gizo." Sauran yara suka taya ni.

Ta sauke kaskon. "Babana bai taɓa ƙarya ba," in ji ta. "Ku tashi ku kwanta."

Ta ci gaba da ba mu wasu tatsuniyoyin, amma wannan ba ta sake ɗauko ta ba. Girman kai kuma ya hana ni tambaya.

Yanzu jakunkuna nake sarowa a garin Shiling na ƙasar Sin, ina kwana a unguwar Dengfeng. Akwai wani dattijo Musulmi mai shagon taliya da nake cin abinci a wurinsa, mutumin arewa maso yammacin ƙasar Sin, muna ce masa Laoban, wato mai shago da yarensu. A bangon shagon akwai hoton garinsu: tafki kore, fararen duwatsu, gidajen katako can a kan gangare. Na ce, "Laoban, me ya hana ku gini a bakin ruwa?" Ya nuna sama, ya yi fifita da hannu alamar zafi, sannan ya ɗaga tafinsa har ƙirji. Ya buga a wayarsa ta fassara mini: in rana ta yi zafi ne tafkin yake cika.

Wallahi taliyar nan ban iya ƙarasa ta ba. Na fita waje na kira ƙanwata a Kano, ta kara wa Inna wayar a kunne, don hannunta rawa yake yi yanzu.

"Inna, gaskiyar babanki ce. Ki yafe mini."

Ta yi 'yar dariya. "Maigida, sai da ka je har Sin? Na yafe."

"To yaran nan fa? Sun tsira?"

Ta ce, "Na manta, ɗan nan. Tun ranar ban ƙara faɗarta ba."

Na daɗe ina ganin wautar Bahaushen nan da ya auna ƙasar wasu da daminar garinsu. Shi dai bukka ya rasa, ko abin da ya fi bukka, Allah ne masani. Labarin da ya taso daga Makka a ƙafa, a bakin murhun nan ya tsaya. Babu wanda ya rage da ya san ƙarshensa, kuma ni na jawo.