Ranar da likita ta ce in faɗi sunan ɗana

Assalamu alaikum. Kun daɗe ba ku ji ni ba a shafin nan, lafiya lau nake. Labarin da na ji, wai gwamnatin jiharmu na shirin tsara yadda za a riƙa kula da masu ciwon mantuwa, shi ya tono mini abin da na binne tun shekarun casa'in. Yau dai zan faɗa.

Lokacin ina Plumstead, a birnin Landan. Maigidana ya rasu, daga ni sai ɗana ɗaya, yana aiki a wani ofis wajen Aldwych. Ni kuma ina ɗinki a wani shago a Old Kent Road.

Da jin sanyi abin ya fara. Ana zafi, ni ina cikin suwaita biyu. Sai nauyin jiki, sai mantuwa. In ɗora tukunya in manta, in tayar da salla in rasa inda na tsaya. Wata rana na hau bas ɗin da na saba, na kasa tuna inda zan sauka, na zauna har direba ya kashe mota.

Ɗana ya kai ni asibiti.

Likitar wata Baturiya ce mai fara'a. Tana tambayata yau wace rana, wane wata muke ciki, ina ta kame-kame. Sai ta nuna shi ta ce, "Wannan fa, yaya sunansa?"

To, kun san mu. Ɗan fari ne. Tun da na haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba, haka uwata ta yi da yayana. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Na sunkuyar da kai.

Shi a nan aka haife shi, yana jin Hausa amma da Turanci yake amsawa. Ya dafa ni ya ce, "Mama, don Allah ki faɗa."

Na so in yi bayani, amma kaina ya yi dum, ɗan Turancin nawa ma ya gudu. Ta tambayi sunan mijina, nan ma shiru. Ta duƙa ta yi rubutu.

Aka kwantar da ni a ɗakin tsofaffi masu mantuwa, ni ko hamsin ban cika ba. Shayi da safe, awon jini, talabijin na ta surutu ba mai kallo. Wata tsohuwa kusa da ni ta wuni tana kiran uwarta. Ba wanda zan ce wa sannu da Hausa.

Matan da muke taron suna da biki tare ba wadda ta zo dubiya. Daga baya na ji cewa suka yi, ai ba za ta gane mu ba. Wallahi da na gane ku.

Asibiti kyauta ne, amma aikina ya tafi, council kuma, wato ƙaramar hukuma, suka fara maganar karɓe gidan da nake ciki a kai ni gidan tsofaffi. Duk wannan bai cinye ni ba kamar ƙafar yaron nan da ta ɗauke. Da farko yakan zo ya zauna yana kallon bango. Daga baya sai dai ya bugo wa nas-nas waya. Na ji tsoro ƙwarai, na ga zan mutu a wurin ni kaɗai.

Wani likita da ya zo zagaye ya ga fuskata ta kumbura, gashina na zubewa, ya sa aka ɗibi jini. Ashe thyroid ce, wani abu a maƙogwaro, ta daina aiki. Ya ce, "Wannan yana da magani." Ƙwaya ɗaya kowace safiya. A hankali kaina ya fara washewa.

Na tambayi wata nas ina ɗana. Ta ce ya gaya musu ba zai iya zama gaban uwar da ba ta san shi ba, har ya nemi canjin aiki zuwa wani gari.

Na ja ƙafa zuwa wayar da ke baranda, na buga ofishinsu. Ya ɗauka. Na ce, "Sulaiman."

Ya ce, "Wa ke magana?"

Bai taɓa jin sunansa da muryata ba.

Na ce, "Mamarka ce." Sai na ji kuka, namiji babba a tsakiyar ofis. Ya ce tun yana ƙarami ya ɗauka ba na son sa ne, sai ga shi kuma na manta shi. Ni da na ɗauka ya sani. Da yamma ya zo, bai kuma tafi wani garin ba.

Na gode wa Allah, na gode wa likitan da ya tsaya ya dube ni.

Masu tsara wannan aiki a gida, don Allah a fara auna jini kafin a ce mutum ya rikice, mai yin tambayoyin kuma ya zama ya san al'adunmu. Ku kuma ku je dubiya ko da an ce ba za a gane ku ba. Wasu ba za su warke ba kamar ni, amma suna jin kaɗaici.

Iyaye mata, ku gaya wa 'ya'yanku dalilin kawaicinku tun kuna da bakin faɗa. Ni har yau in zan kira sunan sai kunya ta kama ni, amma ina kira.