Ƙofar da Aka Yi wa Rabin Fenti

Ni dai ban je don son zane ba. Wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa a Jimeta ce ta matsa mini, wai wani saurayi ɗan cikin Yola ya baje zanensa shi kaɗai a wani ƙaramin zaure, mu je mu ba ido abinci. A shekarun nan kuwa ko coci za ka shiga sai an laluba jakarka, kowa na kallon kowa a kaikaice. Garinmu na can gindin duwatsu ya riga ya faɗa hannun mutanen daji, ƙanena kuma tun ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Zanen duk na gidaje ne, babu mutum ko ɗaya. Wasu da gawayi, wasu da fenti, wasu an sassaƙa a katako an buga a takarda. Ina tafe ina tsaki a raina, sai na tsaya cak. Ga gidanmu. Ga bishiyar gwaiba, ga dutsen niƙan mamanmu, ga ƙofa koriya daga sama zuwa tsakiya, ƙasanta tsatsa.

Ni kaina ban taɓa ganin ƙofar nan da fenti ba. Ana saura kwanaki a shiga garin ƙanena ya faɗa mini a waya cewa fentin ya ƙare masa a rabi, na yi masa tatas, na ce haka yake tun yana yaro, ba ya ƙarasa komai. To ta yaya ɗan Yola ya san wannan? Zuciyata ta tafasa. Kowa ya san bayan mutane sun gudu, mutanen dajin ne suka tare a gidajenmu.

Na sami mai zanen a bakin taga, siriri, yatsunsa baƙi ƙirin da gawayi. Ko gaisuwa ban yi ba, na tambaye shi yaushe ya je garinmu, kuma da su wa. Abokiyata tana jan hannuna, na fizge. Na riga na gama shawara, in ya yi mini kwana-kwana 'yan banga zan kira.

Bai yi fushi ba, wannan ma ya ƙara mini zargi. Ya ce bai taɓa wuce Girei ba. Aikinsa shi ne ya zauna da 'yan gudun hijira a gindin bishiya, su kwatanta masa gidajensu, yana zanawa suna gyara masa. Ba ya tambayar suna, don lokacin in ka tambayi suna mutum tashi yake yi. Wanda ya ba shi wannan gidan, in ji shi, wani mai gardama ne da ya zo da damina, bayan garin ya faɗi. Ya ƙi yarda da inda koren ya tsaya, har ya karɓi gawayin ya ja layin da kansa. Daga ranar bai sake ganinsa ba.

Na matsa na duba layin. Ya fi sauran kauri, ya ɗan karkace. Idan ƙanena ne, me ya hana shi zuwa gidana, ga ni nan a Jimeta? Idan ba shi ba ne, to wani ne ya kwana a ɗakin mamanmu har ya haddace ƙofar. Ƙanena bahago ne, malamai sun yi ta dukan hannun bai daina ba.

Na ce, "Da wane hannu ya riƙe gawayin?"

Ya rufe ido ya daɗe. Ya ɗaga hannun dama, ya sauke, ya ɗaga na hagu.

"Wallahi Adda, ban tuna ba."

Na so in mare shi. Da ya ce hagu, da na ce faranta mini yake so ya yi. Da ya ce dama, da na yi kukana na gama. Wannan amsar kaɗai na yarda da ita a duk abin da ya faɗa, ita ce kuma ta fi yi mini ciwo.

Da aka tashi nunin ya aiko mini da zanen. Yana falona har yau. Yanzu hanya ta buɗe, mutanenmu sun koma, sun ce ƙofar tana nan yadda take, har wani ɗan'uwa ya yi tayin ƙarasa fentin. Na ce kada wanda ya taɓa ta, mai aikin bai gama ba.