Hannun Gazali

A Kanan-Bakashe in ka ce Rabo maharbi, yaran yanzu dariya za su yi maka, don ba su taɓa ganinsa da baka ba, sai hauya. Ni na san shi tun yana maharbin. Kuma ba zan ɓoye ba, mutum ne mai taurin kai da cika baki.

Wani rani fatake suka ba shi labarin wani daji can yamma mai nisa, inda kogi ya tsaga dutse ya yi kwazazzabo, namun daji kamar awakin gari. Rabo ya ce sai ya gani da idonsa. Ƙanensa Gazali ya maƙale sai ya bi shi. Uwarsu Hindu ta raka su bakin rijiya.

Ta ce, "Rabo, ba ni son nama, ba ni son hwata. Ka maido mini ɗana da rai."

"Inna, kak ki damu, ina nan."

Sun ga kwazazzabon. Dutse dama, dutse hagu, ruwa na gudu a ƙasa. Suka sauka ciki suna bin sawun ɓauna. A nan wautar take. Mu mutanen rairayi ne; in dabba ta taso maka, ka kauce gefe ko ka haye gawo. Can ciki babu gefe.

Ɓaunar ta fito daga ciyawa ta yi kan Gazali. Ta ɗaga shi ta maka shi da dutse, ta durƙusa tana murje shi. Rabo ya saki kibiya mai dafi ta shige wuyanta. Ya saki ta biyu daidai lokacin da Gazali ya ɗaga hannu yana kare fuska. Kibiyar ta tsaya a tsintsiyar hannunsa.

Ɓaunar ta yi tangaɗi ta faɗi. Rabo da kansa ya dafa dafin nan, ya san ba ya jira. Ya danne ƙanensa da gwiwa, ya ɗaure damtsen da tsirkiyar baka, ya zaro gatari.

"Yaya, kak ka yi! Don Allah, Yaya!"

Sara na farko bai raba ƙashin ba. Sai da ya ƙara.

Da damina suka iso gida, Gazali a kan jakin fatake, ya rame kamar kara. Hindu ta shafa dungun hannun. Sannan ta dubi Rabo.

"Da rai na ce. Ka cika."

Ya fi son ta zage shi, wallahi. A ranar ya karya bakansa ya cusa a murhu.

Gazali bai sake kiransa Yaya ba. Amma kowace shuka, gonar Gazali Rabo yake fara nomewa kafin ya taɓa tasa, har tsufa ya tanƙwara shi. Na taɓa tambayarsa yadda kwazazzabon yake. Ya ce yana da kyau ƙwarai, ya ci gaba da noma.