Ranar da Na Nome Dawar Surukina Tare da Ciyawa

Edita, a shekarun da waya ta fara shigowa ƙauyukanmu ni saurayi ne a wani ƙauye kusa da Manga, a ƙasar Zuru, kuma ina cikin golmo. Ga wanda bai sani ba, golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa uban yarinyar da zai aura, shekara da shekaru, shi da sa'o'insa. A wurinmu ba a raki a golmo. Ko fartanya ta sare maka yatsa, ƙasa za ka barbaɗa ka ci gaba. Babana kuma tsohon soja ne, bai taɓa cewa wash a gabanmu ba. Da wannan taurin kan na tashi, har ina alfahari da shi.

Da rani tari ya kama ni, na rame kamar kara. A asibiti cikin Zuru aka gwada kakina aka ce tarin fuka ne, aka ɗora ni kan ƙwayoyin da zan sha wata da watanni. Washegari na zaga bayan gida, sai na ga fitsarina ja wur. Na ce shi ke nan jinina ne ke tsiyayewa. Na hau keke a guje har asibiti ina hawaye. Nas ɗin ta yi dariya ta ce aikin maganin ne, ba komai, kada in kuskura in daina sha. Ta ƙara da cewa in dai idona ya yi rawaya, ko ganina ya canza, to in dawo a ranar. Wallahi kunya ta hana ni riƙe wannan maganar. Kafin in iso gida labari ya riga ni, abokan golmona suka sa mini suna jarumin da fitsari ya kora. A ranar na rantse ko mutuwa zan yi ba zan sake kai ƙarar jikina ba.

Da damina ta sauka tarin ya lafa, na koma gonar surukina ina ci gaba da shan magani. Yarinyar da zan aura takan kawo mana abinci da rana, kuma tana da wani jan ɗankwali da nake gane ta da shi tun tana gangarowa daga kan dutse. Wata rana na ɗaga kai na ga mace tana tahowa da ɗankwali mai ruwan toka. Sai da ta yi magana na san ita ce. Na tambaye ta ina jan, ta ce ga shi a kanta, ko yunwa ce ta rufe mini ido. Na yi dariya. Daga nan kullum sai abin ya ƙaru. A coci na kasa karanta littafin waƙa, sai in riƙe shi ina motsa baki. Duk abin da na zuba wa ido, tsakiyarsa sai ta dushe kamar hayaƙi. Kowace safiya ina tsoron buɗe ido kada in tarar babu komai. Ina tsoron makanta, ina tsoron a ce an fasa ba makaho mata, amma tsoron dariyar abokaina ya fi ƙarfina, na yi gum.

Asirina ya tonu ne a noman farko. Muna jere kowa da kunyar da yake nomewa, ina ta zuba sauri don kada a bar ni baya, sai na ji wurin ya yi tsit. Ashe tun daga bakin gona nake sare dawar da ta tsiro tare da ciyawa, ban bar ko ɗaya ba. A golmo wannan cin mutunci ne, ana iya cewa da gangan ka yi. Surukina ya tako ya tsaya a gabana. Bai yi faɗa ba, ya ɗaga hannu ya tambaye ni yatsu nawa ya miƙe. Na kasa faɗa. Na durƙusa cikin kunyar ina kuka a gaban kowa, kuma babu wanda ya yi dariya.

Shi da kansa ya goya ni a babur zuwa Zuru. Likita ya ce ɗaya daga cikin ƙwayoyin ne ke taɓa jijiyar ido ga wasu mutane, ya cire ta nan take ya bar ni kan sauran. Ya ce da na zo tun ranar ɗankwali, da wataƙila idona ya dawo garau. Wannan maganar har yau tana ci mini rai. Tarin ya warke sarai, idon dama ya ɗan washe, na hagu kuwa ya tafi ke nan.

Ban ce kowa ya ji tsoron maganin nan ba, shi ya ceci raina, kuma wanda ya yar da shi kabari yake haƙa wa kansa. Amma 'yan'uwana, musamman samarinmu masu ji da ƙarfi, in kana sha ka ga wani canji a idonka ko jikinka, ka koma asibiti a ranar, a yi maka dariyar. Ni na yi jarumtar banza. An ba ni matar, mun haifi 'ya'ya, kuma jan ɗankwalin nan yana cikin akwatinta. Wani lokaci takan ɗaura shi ta tsaya a gabana ta ce in duba da kyau. Nakan ce mata ya yi kyau, ja wur. Ita ma ta san toka nake gani.