Gawon Ƙofar Gidan Baraka

Baraka ɗiyar kawuna ce, wato taubashiyata, don haka duk abin da na faɗa a kanta ba ta da wurin kai ƙara. A Kambarawa take aure. In ka tambaye ta, ɗiyanta tara ne. Ni dai ran da na ƙirga, a arba'in na tsaya don na gaji. Tun asuba take tsaye: damun koko, wanki, rabon faɗa, keken ɗinki, sannan tuwo a tukunyar da za a iya yi wa jaki wanka a ciki.

Hutunta guda ne a duniya. Bayan la'asar sai ta kifa turmi a bakin zaure, ta zauna kallon gawon ƙofar gida. Shi gawo halinsa daban ne: da damina, sa'ad da sauran itatuwa ke ado, shi yake zubar da ganye ya tsaya tsirara. A lokacin Baraka ta fi son shi.

"Wai mi kike gani a jikin ƙiraren nan?" na tambaye ta.

"Kai Tanko, idonka na tuwo ne. Dubi fararen rassa, ga baƙin hadari a bayansu, kamar zanen lalle. Duk gidan nan shi kaɗai ne bai taɓa ce mini 'Inna, ba ni' ba."

Daminar da soja suka miƙa mulki, a 1999, muka yi sabon kansila, Ashraf, tashin GRA, wanda bai san wani itace ba sai darbejiya. Yana neman aikin farko da jama'a za su gani. Ya hango gawo fayau a tsakiyar damina, ya ce ya mutu, zai faɗo wa mutane. Washegari sai ga shi da Gwadabe mai saran itace.

Baraka ta fito da goyo a baya, muciya a hannu.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Ya hidimar jama'a? Ya iyali? To, gatarin fa?"

"Hajiya, mataccen itacen nan za mu kawar."

"Ban je Makka ba tukuna, shi ma bai mutu ba." Ta ɗaga babban yatsanta. "Da wannan muka dangwala maka, ni da matan layin nan. Bai ƙare ba, yana nan. Zauna ka duba abin da za ka sare."

Ta kifa masa turmi. Kansila ya tattare babbar riga ya zauna. Hadari ya taso daga gabas, rassa suka yi fes a jikinsa, unguwa ta yi tsit. Ni na ce har awaki sun daina tuƙa.

Gwadabe ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, gawo ne. In ruwa ya ɗauke zai yi ganye."

"Don mi ba ka faɗa ba tun farko?"

"Shekara goma sha biyar ta mulkin soja ba a tambayarmu, mun saba."

Kansila ya sake ɗaga kai, ya daɗe. Ya ce, "Wallahi yana da kyau." Gatari ya koma gida da yunwa. Tuwo ya ƙone a ciki, muka ci shi haka nan, Baraka na rabo tana taku kamar ita aka rantsar.

Da kaka gawo ya cika da ganye, kansila ya zo gani da mota.

Baraka ta leƙo daga zaure. "Ka makara, ranka ya daɗe. Yanzu ya zama kamar kowa. Ka dawo da damina, turmi na nan."