Harajin Ƙasar da Na Baro a Goye

A Amurka aka haife ni, amma ban san ta ba. Mahaifina ya je karatun noma can tare da mahaifiyata, aka same ni, ya gama, muka dawo Zariya ina goye. Abin da na tsira da shi daga wannan tafiya shi ne takardar haihuwa da fasfo mai shuɗin bango, wanda Baba bai taɓa bari ya mutu ba. Da shi na sami aikin jinya a wani asibiti a Makka, a kan albashin da ya ɗara na ƙawayen da muka yi makaranta tare.

Ina shekara ta biyar a Makka, ta biyu da aure, banki suka turo saƙo cewa in je in sabunta bayanaina. Na tafi sashen mata da kayan aiki a ƙarƙashin abaya, a zatona abin minti goma ne. Ma'aikaciyar ta duba inda aka rubuta wurin haihuwa, ta ɗago ta kalle ni, sannan ta turo mini wani fom.

Ta ce, "Ki rubuta lambarki ta harajin Amurka a nan. Kina dai tura musu takardu duk shekara ko?"

Na ce, "Wane haraji? Ai nan ba a yankar haraji a albashi."

Ta ce, "Ba namu ba. Nasu."

Na fito na tsaya a inuwar bangon bankin na kira Baba. Dariya ya fara yi. "Haraji? Ke da kika baro ƙasar ko haƙori ba ki da shi?" Amma da yamma ya turo mini hoton wani ɗan kati da ya zaro daga tsohuwar jakarsa, mai sunana da lamba a jiki, ya ƙara da cewa in tambayi wanda ya sani. Muryarsa a saƙon ba ta dariya ba ce.

Wata likita a sashenmu ta ba ni lambar wata akanta da ke Jidda, 'yar Sudan, wadda sana'arta ke nan, cika wa Amurkawan da ke zaune a waje takardun haraji. Na kira ta a lokacin cin abincin rana. Ta ce dokar Amurka ta bambanta da ta yawancin ƙasashe: duk ɗan ƙasa, ko a ina yake zaune, sai ya bayyana abin da yake samu kowace shekara. Na ce ni shekara biyar ban taɓa yi ba.

Ta ce, "Ki kwantar da hankalinki. Akwai hanyar da aka buɗe wa waɗanda ba su sani ba. Za mu cika na shekara uku baya, ki rubuta bayanin abin da ya hana ki. Albashinki bai kai inda za su karɓi wani abu ba, in sha Allahu." Har na fara sauke ajiyar zuciya sai ta ce, "Kina da aure?"

"Ina da shi."

"Mijin ɗan ina ne?"

"Ɗan Nijar."

Ta ce to hanya biyu ce. Ko in cika ni kaɗai, a matsayin matar aure da ta ware harajinta daga na mijinta. Ko mu cika tare, a ɗauke shi tamkar mazaunin can. Ta biyun ta fi rangwame, kuma in wata rana muka so komawa Amurka, takardun za su taimaka wajen nuna cewa aurenmu na gaskiya ne. Sai dai dole a nema masa lamba, a aika da fasfonsa ko kwafin da masu ba da shi suka buga wa hatimi, kuma duk abin da yake samu, ko a ina, sai an rubuta. Ta ƙara da cewa in aka shiga wannan hanya aka fita, ba a sake shigarta.

Ba rangwamen ne ya ja ni ba. Maganar komawar ce. Zamana a Makka a kan kwantiragi yake, ranar da asibiti ya ce ya isa, ya isa. Na daɗe ina tunanin inda za mu sa kai in ranar ta zo, ban dai taɓa furtawa ba.

Maigidana a Nakkasa aka haife shi, wata unguwa ta kan dutse a nan Makka. Iyayensa sun zo aikin Hajji daga wajen Maraɗi suka zauna, ba takarda. Ya tashi yana bambance ƙarar motar 'yan sanda da ta sauran motoci tun daga gindin dutse. Sai da ya haura ashirin da biyar ya sami fasfon Nijar, ƙasar da shi ma bai taɓa takawa ba, sannan ya sami iƙama, wato katin izinin zama, a matsayin direban wani kamfani. In ya tashi aiki yana zaga masaukan alhazai na unguwar Misfala yana gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a biya shi a hannu. Wannan aikin ba ya cikin iƙamarsa. Da shi muke biyan rabin hayar gidanmu a unguwar Ka'akiyya, inda muka koma da mahaifiyarsa bayan an rushe unguwarsu. Inna nake ce mata, kamar yadda yake ce mata.

Bayan la'asar na same shi a ƙofar kicin yana goge kayan aikinsa. Na yi masa bayani tiryan-tiryan kamar yadda aka yi mini. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Sista," don haka yake kirana, "wato ni zan sa hannu a takarda cewa ina aikin da ba shi ne a iƙamata ba?"

Na ce, "Ba hukumar nan za a kai wa ba. Can za a aika."

"Wa ya gaya wa bankin nan cewa ya tambaye ki lambar can?"

Ya ci gaba da goge sifanarsa. "Hukuma da hukuma ba sa ɓoye wa juna. Kuma fasfona ba zai shiga jirgi ba ni ina ƙasa. Halas, magana ta ƙare."

Na ce akwai hanyar kwafi. Ya ce kwafin ma sai an bar wa ofishin jakadancin Nijar fasfon a Jidda an dawo gida ba shi. Tsoro ne ya kama ni, sai ya fito mini a baki da zafi. Na ce, "Kai har yau a Nakkasa kake. An rushe ta amma ka ƙi fitowa."

Ya tattara kayansa a jaka ya fita masallaci tun ba a kira magariba ba.

Kwana shida muka yi gaisuwa kawai ke haɗa mu. A kwanakin nan na zama wata iri. Ina bin ofishin albashi ina roƙon takardun shekarun baya. Ina juya riyal zuwa dala a bayan takardar magani, in goge, in sake. Duk hutun da na samu sai in buɗe waya in karanta labarin tarar da ake ci, kowane shafi ya fi na baya ban tsoro. Na fara tunanin za a rufe mini asusu, ko a ƙi sabunta mini fasfo, in fasfo ya faɗi iƙama ta bi shi, aiki ya bi iƙama. Wata safiya na tsaya da sirinji a hannu na karanta sunan maganin sau huɗu, bai shiga kaina ba. Sai da na kira abokiyar aikina ta duba mini. Ga Hajji ya gabato, an soke hutun kowa a asibiti, kuma wa'adin da akanta ta ba ni na tsakiyar watan Yuni ya faɗo daidai cikinsa.

Ranar Juma'a da hantsi ina tsinke ganyen mulukiyya, wato lalo, Inna ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ba ta cika shiga maganarmu ba.

Ta ce, "'Yar nan, ya taɓa gaya miki yadda aka tafi da ubansa?"

Na ce ya ce dai an mayar da shi gida.

"Gurasa ya fita saye da safe. Shi yana da shekara goma sha ɗaya, yana biye da shi da kwanon wake. 'Yan sanda suka tare bakin layi, suna neman takarda. Uban ya ce masa ya wuce kamar bai san shi ba. Ya wuce. Ya kawo mini waken har gida, bai zubar ba." Ta ɗauki reshe ɗaya ta fara tsinkewa. "Uban ya rasu a Maraɗi bayan shekara huɗu, ba mu sake ganinsa ba. Ke an haife ki da takarda tun kafin ki buɗe ido. Shi sai da ya yi furfurar zuciya ya same ta. Ba na ce ki bar abin da ya wajaba a kanki ba. Na dai gaya miki ne."

Na ci gaba da tsinkar ganye, ina kallonsa ba na ganinsa.

Washegari bayan ya dawo sallar asuba, ina shirin fita, ya ajiye wata leda a kan teburin da takarduna suke. Fasfon ne, a naɗe cikin leda biyu.

Ya ce, "Ga shi. Ki aika. Amma ba zan sa hannu a ƙarya ba, kuma ba zan rubuta gyaran mukayyif ba. Don haka na bar gyaran daga yau. Haya kuma Allah zai kawo."

Na warware ledar na buɗe. Hotonsa na nan, ya fi yanzu rama, ya zare ido kamar wanda aka ce kada ya yi numfashi. Ranar haihuwa an sa ɗaya ga watan ɗaya, don babu wanda ya riƙe ainihin ranar. Duk shafukan farare ne, ko hatimin fita ɗaya babu. Na tuna wannan mutum zai bar sana'ar hannunsa, ya rabu da wannan ɗan littafi na makonni, saboda wata ƙaura da ni kaɗai na shirya a raina ban ko shawarce shi ba. Na mayar da shi cikin ledojinsa na miƙa masa.

Na ce, "Maigida, mayar da shi inda yake. Ni kaɗai zan cika. Ka yafe mini maganar da na faɗa."

Ya ce, "Ba za su matsa miki ba?"

"Ban sani ba."

Gaskiyar ke nan, ban sani ba. A motar asibiti na kira akanta. Ba ta yi musu ba. Ta ce sunansa kawai za a rubuta, a gurbin lambarsa kuma a sa wasu haruffa uku da ke nufin baƙo ne, ba mazaunin ƙasar ba, kuma ba za a tambayi abin da yake samu ba. Ko sunan ma, da na gaya wa maigida, bai bar shi ya wuce haka nan ba. Ya ce in nuna masa wurin. Ya karanta shi harafi-harafi da yatsa, ya ce, "To. Sunana ne, ba na ɓoye shi."

Takardar bayanin ce ta fi ba ni wuya. Sau uku ina rubutawa akanta tana dawo mini da ita, tana cewa in daina ba da haƙuri in faɗi abin da ya faru. A ƙarshe na rubuta cewa an fito da ni daga ƙasar ina jaririya, ban taɓa komawa ba, ban taɓa jin wannan doka ba sai a banki. Na sa hannu a duk inda ta yi mini alama. Maigida ne ya kai ni ofishin aika saƙo, saura kwana huɗu wa'adi, hanyoyi cike da motocin alhazai. Na biya, na karɓi rasit, na yi ta bin ambulan ɗin a waya har aka nuna ya isa.

Daga nan sai shiru. Na tambayi akanta yaushe za su amsa. Ta ce ba sa aiko da godiya, in ba a ji komai ba, to, lafiya. Wannan magana ba ta kwantar mini da hankali ba ko kaɗan. Alhazai suka watse, zafi ya sauka, ni kuwa duk ranar Lahadi sai na leƙa ɗakin wasiƙun asibiti, domin adireshin can na bayar.

A wata na biyar wasiƙa ta zo. Na gane ta tun daga nesa. Na shige ɗakin magani na rufe ƙofa, garin buɗewa har na yage gefen takardar. Na karanta sau biyu ban fahimta ba, na ɗauki hotonta na tura Jidda. Minti ashirin ɗin da na yi ina jira, na yi su ne a tsaye.

Ta kira tana 'yar dariya. Ta ce a takardun shekara ɗaya na tsallake wani shafi ban sa hannu ba, shi suke so. Babu tara, babu biyan komai. Sai dai wasiƙar ta daɗe a hanya, kwanakin da suka ba ni sun kusa ƙarewa, don haka in aika yau.

Na kira maigida. Yana saman wani masauki a Misfala, ina jin ƙarar injin a bayansa. Ya ce in fito bakin ƙofa, ga shi nan. Ya iso da baƙin mai a hannunsa, ya ƙi taɓa takardar don kada ya ɓata ta. A kan cinyata na sa hannun, mota tana tafiya, ya rage gudu har na gama. Muka samu ofishin saura kaɗan a rufe don azahar.

Ba su sake rubuto mini ba. Tun daga nan duk shekara nake cikawa, ni kaɗai, kuma duk shekara hankalina ba ya kwanciya daga ranar da na fara tara takardu har ranar da aka nuna sun isa. Maganar inda za mu koma in kwantiragina ya ƙare, yanzu muna yin ta a fili, mu uku, a kan tabarmar cin abinci. Inna ta ce ita a bar ta a Makka ko da wa za ta zauna. Shi ya ce yana son ya fara ganin kabarin mahaifinsa kafin ya ga kowace ƙasa. Mun sa ranar tafiya Maraɗi bayan ƙaramar salla, in kamfaninsu ya ba shi izinin fita. Ya kai musu takardar neman izinin makon jiya, muna jira.